A Kan ko Domin: Waƙar Japheth Kazah

Japheth Kazah ya fara haɗuwa da Malama Edith Nuhu ranar Lahadi, 6 ga Oktoba, 2019, a bakin ƙofar Majami'ar Sabon Alkawari reshen Samaru, bayan an tashi daga sujadar Jibin Ubangiji. Shi ne shugaban mawaƙa a lokacin. Yana tsaye yana karɓar takardun waƙa daga hannun jama'a don a adana su, sai wata doguwar mata mai tabarau, wadda bai taɓa gani ba, ta miƙo masa tata. An zagaye kalmomi biyu da jan biro a baiti na uku.

"An ce kai ka yi waƙar nan."

"Ni ne, Mama. Sannu da zuwa. Baƙuwa ce?"

"Malama za ka ce. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Hausa a Kano, kuma a garin nan aka yanke mini cibi. Karanta mini nan."

Ba ya bukatar takarda, amma ya karanta:

Ƙoƙon fushi ya cika ya batse,
Da hannuna ni na cika shi.
Uba ya huce a kan Ɗansa,
Ni mai laifi na wuce lafiya.

"To," in ji ta. "In Bahaushe ya ce wane ya huce a kan wane, ka san abin da yake nufi? Mutum ne aka ɓata wa rai a kasuwa, ya rasa yadda zai yi da wanda ya ɓata masa, ya dawo gida ya rufe ɗansa da duka. Abin da kuka tsaya kuna rera wa Allah ke nan da safiyar nan, har da ɗaga hannu. Domin kake so ka ce. Uba ya huce domin Ɗansa. Ku mutanen kudu kome a kan, a kan. Ba laifinka ba ne, ba da Hausa aka haife ka ba."

Japheth ya ninke takardar biyu, ya sa a aljihun gaba. Ya ce, "Na gode, Malama." Matarsa Elizabeth tana jiransa a gindin dalbejiya. Daga yadda ya turo keken nan ta san an taɓo shi.

An haifi Japheth a 1958 a wani ƙauye kusa da Zonkwa. Ya zo Zariya a 1977 da takardar gama firamare da kaya kala biyu, wani ɗan garinsu ya sama masa aikin kula da shanu a Shika. A nan ya yi shekara talatin da biyar yana tatsa, yana awon madara, yana wankan kaska, yana riƙe wa likita kan saniya in za a yi allura. Hausar da ya zo da ita ta kasuwa ce. Ta gaske a cikin garke ya koye ta, a bakin wani tsohon Bafulatani mai suna Bappa, da leburorin Bomo waɗanda ba sa buɗe baki sai da karin magana. Harshensa dai bai taɓa lanƙwasuwa ba. Har ya tsufa, ƙauna kauna yake ce mata, Ɗa kuma Da, in kuwa ransa ya ɓaci yakan ce wa mace ka. Mutane suka riƙa auna abin da ya sani da abin da kunnensu ke ji, suna tauye masa mudu.

Waƙa kuwa a kan keke yake yin ta. Yana taka feda tsakanin Samaru da Shika yana daidaita amo, in ya isa ya rubuta da do-re-mi a bayan tsohon katin awon madara. Rajistar majami'a ta nuna waƙoƙinsa ashirin da uku. Yawancinsu na girbi ne da na biki, a rera sau ɗaya a shekara a ajiye. Guda ɗaya ce ta fita daga Samaru ta shiga uwar majami'a a Sabon Gari, ta kuma bi 'yan makaranta zuwa garuruwansu, wato Ƙoƙon Fushi. Ita ce kuma wadda ba ya son a tambaye shi yadda aka yi ya yi ta.

Ga yadda aka yi. Ranar Alhamis, 18 ga Nuwamba, 1993, wata tifa mai ɗaukar yashi ta kaɗe 'yarsu ta fari, Happiness, a titin Sakkwato, tana dawowa daga makaranta. Shekararta tara. Kafin mako uku direban ya dawo bakin aiki, kuma kowace safiya Japheth yana wuce shi a teburin mai shayi, yana zaune yana tsoma burodi yana hira. Sai Japheth ya wasa adda, ya naɗe ta da buhu, ya ɗaure a kariyar keke. Kwana arba'in da ɗaya yana wucewa da ita, kullum yana ce wa kansa gobe.

Rana ta arba'in da biyu, wata farar saniya, wadda ta fi kowace lafiyar hali a garken, ta ture masa bokitin madara. Ƙuda ta kora. Ya ɗauki sanda ya hau ta da duka, yana duka yana kuka, har sandar ta karye, ya ci gaba da guntun. Saniyar tana ɗaure, ba ta da wurin gudu. Da ya gaji ya zube ƙasa, sai ya ji ƙirjinsa ya yi sanyi, karo na farko tun ranar jana'iza. Sanyin nan ya fi fushin ba shi tsoro. Bappa ya zo ya tsaya a kansa, ya dubi bayan saniyar, ya dube shi, ya ce, "Kaza, yau ka cika sunanka. Haushin kaza, huce kan dami."

A hanyar komawa gida maganar ta ƙi barinsa. Ya ga cewa fushi ba ruwan kwata ba ne da rana za ta busar, sai ya sauka a bayan wani. Ya ce a ransa, in ni ɗan Adam haka nake, to fushin Allah, wanda yake na gaskiya, a kan abin da direban nan ya yi da abin da ni na ƙulla, ina ya sauka? Daidai kwanar Bomo amsar ta zo masa tare da amonta. In ya riga ya sauka a gicciye, to babu ragowar da aka bar wa Japheth Kazah ya kai wa wani. Addar ta koma gona. An fara rera waƙar ranar Jumma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye, 1 ga Afrilu, 1994. Mutum biyu kaɗai suka san tushenta, Elizabeth da Bappa, Bappa kuwa ya rasu a 2003.

Ashe ke nan ba kuskure jan biron Malama Edith ya zagaye ba. Amma Japheth bai gaya mata ba, ita kuma ba ta tambaya ba, aka shafe shekara huɗu ana gaba a cikin ɗakin Allah. Duk Lahadin farkon wata ake rera waƙar. Malama tana zama a benci na uku, muryarta da kaifi irin ta mai kiran sunayen 'yan aji, in an zo baiti na uku sai ta ɗaga ta: domin. Japheth ya rama a wurin gwaji. Ya koya wa mawaƙa su ja numfashi kafin a zo wurin, mai ganga kuma ya sauke bugu biyu, a, kan, kamar ana kafa ƙusa. Ta rubuta wa dattawan ikilisiya wasiƙa uku, duk suna nan cikin fayil, ba wadda aka amsa. Ya daina gaishe ta sai ɗaga hannu. In ba ya nan tana kiransa Mai Shanu. In ba ta nan yana kiranta Ƙamus.

Abin da ya fi ci masa rai daga ɗaliban jami'a ya fito, su da suka cika rabin majami'ar. Malama ta yi musu bayanin karin maganar a ajin nazari na ranar Laraba, suka haɗa ta da sunansa, waƙar ta koma Haushin Kaza. Yana shigowa gwaji sai wani daga baya ya ce, "Baba, yau za mu yi Haushin Kaza?" a kwashe da dariya. Gani suke sun gano abin da tsohon bai sani ba. Shi kuwa sai ya ɗaga hannu ya ba da amo, yana kallon bango.

A 2024 majami'ar ta cika shekara hamsin, aka yanke shawarar buga waƙoƙin gida a littafi guda, a ƙaddamar da shi ranar Jumma'a Mai Kyau a Sabon Gari. Aka naɗa kwamitin mutum bakwai, huɗu daga Samaru, uku daga Sabon Gari. Fasto Martins na Samaru, matashi da bai daɗe da dawowa daga karatu ba, shi ne shugaba. Malama Edith ce mai duba Hausa. Japheth ba ya ciki, tunda aikinsa za a duba, amma an gayyace shi zaman ranar Asabar, 10 ga Fabrairu. Waƙoƙinsa ashirin da biyu suka wuce cikin minti arba'in. Ta ashirin da uku ta ci awa uku.

Fasto ne ya fara. "Baba, ba wanda ya raina aikinka. Amma ka dubi yaran da ke zuwa mana yanzu. Wasu daga gidajen da uba dodo ne suka fito. Mu ce musu Uban sama ma haka yake? Gicciye ƙauna ce. Ni da za a bi tawa, a cire fushin gaba ɗaya, a sa: Uba ya ba mu Ɗa don ƙauna."

Mama Bibiana, shugabar zumuntar mata ta Sabon Gari, mai sayar da busasshen kifi, ta buga tebur. "A cire fushi? To daga me aka cece mu, Fasto? Daga sauro? Ku 'yan Samaru kun yi boko har kun fi Allah kirki. Gobe za ku ce gidan wuta ma an sa masa fanka."

"Mama, ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi, ɗana. Turanci ne ya lulluɓe shi."

Malama Edith ta bari suka gaji, sannan ta cire tabarau. "Ni ban ce a cire fushi ba. Fushin Allah gaskiya ne, yana cikin Maganarsa, ba ni da ikon goge shi. Maganata ta Hausa ce. Alƙali hukunci yake yi, ba ya hucewa a kan kowa. Mai hucewa a kan wani, wanda ya kasa riƙe kansa ne. Ubanmu, Allah ya ji ƙansa, dattijo ne a majami'a, kowa na yabonsa. In aka ɓata masa rai a ofis, tun daga zaure muke gane takunsa, mu ruga bayan rumbu. Wanda aka kama shi ne dami. Yawanci ni ce, don ni ce babba. In ya gama ya yi wanka, ya ci tuwo har da santi. Ya huce. Wannan kalmar za ku buga a littafi ku jingina wa Allah?" Ta juya wajen Japheth. "Ga hanya mai sauƙi, ba wanda zai ji kunya. A rubuta cewa kuskuren harshe ne, an gyara. Gaɓa biyu za a cire, gaɓa biyu za a sa, ko amon ba zai motsa ba. Sunanka yana nan."

Har Mama Bibiana ta gyaɗa kai, don fushin ta zo karewa, an kuwa bar mata shi. Japheth ya duba ya ga kowa ya sami mafita sai shi. In ya yarda, an rubuta ke nan har abada cewa abin da ya hana shi kisa tuntuɓen harshe ne na bagware.

"Ba kuskure ba ne," in ji shi.

"Na'am?"

"Na san abin da huce a kan yake nufi tun kafin ka fara koyar da yaran mutane. Abin da na rubuta shi nake nufi."

"Ki," in ji Malama. "Ki ake ce wa mace. Ga shi nan kun ji da kunnenku. Mutumin da bai iya raba ka da ki ba, shi zai koya mini a kan da domin."

Ɗaya daga cikin 'yan Samaru ya yi dariya, ya yi maza ya mai da ita tari. Japheth ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Malama, babanki a kan wanda bai yarda ba ya huce. Ɗan nan da ƙafarsa ya je. Ya san abin da ke cikin ƙoƙon, ya karɓa ya sha. Domin ɗinki ruwan sanyi ne. Sai ka ce roƙon Allah aka yi, ya ce to shi ke nan, na haƙura. Ba haƙura aka yi ba! Sauka ya yi, a bayan wani ya sauka!"

"Kada ka ƙara sa ubana a bakinka."

"Ke kika kawo shi."

"Magatakarda, rubuta," in ji ta. "Da na ɗauka jahilci ne. Tunda ya ce da gangan ne, to saɓo ne."

Aka rubuta. Aka ɗage zaman zuwa 9 ga Maris.

Da yamma Elizabeth ta same shi a tsakar gida yana gyaran sarƙar keke wadda ba abin da ya same ta. Ta ja kujera ta zauna.

"Baban Happiness, ka gaya musu mana. Matar nan ta buɗe cikinta a gaban mutane, kai ma ka buɗe naka. In suka ji, ba mai taɓa waƙar nan."

"In ce musu me? Shugaban mawaƙanku ya yi kwana arba'in yana yawo da adda?"

"Ka ce musu ka ajiye ta."

"A yi ƙuri'a a kan yarinyata? Bibiana ta kai labarin kasuwa, 'yan makaranta su laƙa mata suna kamar yadda suka laƙa wa waƙar? Ita Ƙamus ta tone kabarin ubanta don ta ci gardama. Ni ba zan tone na 'yata ba."

"To za su gyara."

"Su gyara."

"Taurin kan nan naka, shanun Shika ma sun fi ka jin magana."

Ya ci gaba da zuba wa sarƙa mai.

Ranar 9 ga Maris aka rubuta layukan uku a allo, aka ba Japheth dama ya yi magana kafin ƙuri'a. Ya ce ya riga ya faɗi tasa. Layin Fasto ya sami ƙuri'a ɗaya, ta Fasto. A kan ya sami biyu, ɗaya ta Mama Bibiana, wadda ta ce ita ba ta ga bambanci sosai ba, amma dariyar da aka yi wa tsoho a wancan zaman ba ta yi mata ba. Domin ya sami huɗu.

Japheth ya ce, "To a cire waƙar daga littafin."

"Baba, ba zai yiwu ba," in ji Fasto. "Waƙa in ta shekara talatin a bakin jama'a ta zama ta ikilisiya."

"To a cire sunana."

"Haba Baba, ka yi haƙuri mana."

"A cire masa," in ji Malama Edith, tana rufe bironta. "Ba sunansa ake rerawa ba."

Bayan kwana tara aka kawo masa wasiƙa har gida. Dattawa suna gode masa da hidimar shekara talatin da takwas, suna ganin lokaci ya yi da zai huta a ba matasa dama. Ya karanta sau biyu, ya ba Elizabeth makullin akwatin ganguna ta kai.

Ranar Jumma'a Mai Kyau, 29 ga Maris, da tsakar rana, majami'ar Sabon Gari ta cika har taga. Motoci huɗu suka kawo mutanen Samaru, suka zauna a dama. Japheth ya zo a kekensa ya zauna a bencin ƙarshe. Aka miƙa masa littafin, mai shuɗin bango. Ya buɗe lamba 64. A ƙarƙashin sunan waƙar an rubuta, mai waƙa: ba a ambata ba.

Abin da bai sani ba shi ne Mama Bibiana ta yi mako uku tana zaga rumfuna tana cewa 'yan Samaru sun canja maganar Allah sun kuma kori tsoho. Mata tamanin da ɗaya ta tara cikin anko, da tuluna da caki, suka cika hagu. Baiti na ɗaya da na biyu suka wuce lafiya. Da aka zo na uku, mawaƙan Samaru suka bi littafi, domin. Matan hagu suka miƙe gaba ɗaya suka doka tulu, a kan! Mai jita na Samaru ya ƙara wa lasifika ƙarfi ya maimaita layin. Matan suka maimaita nasu, yanzu sun juya gaba ɗaya suna fuskantar dama, suna nuna su da yatsa, a kan, a kan, a kan! Wani ɗalibi ya yi kukan kaza. Wata mata ta jefa masa littafin. Fasto yana ɗaga hannu, ba mai kallonsa.

Japheth ya ga wasu matan suna waiwayo shi suna murmushi, suna jira ya tashi ya ba su amo. Kalmominsa ne suke faɗa, daidai yadda ya rubuta su, ba ko ɗaya da ta ɓata. Ya dubi fuskokinsu, jijiyoyin wuya duk sun tashi. Ya ajiye littafin a kan benci ya fita.

A bakin get ya tarar da Malama Edith, ita ma ta fito, tana tsaye a rana tana jiran babur ɗin a daidaita sahu. Daga ciki har yanzu ana jin tulu.

"Ka ji abin da waƙarka ta zama," in ji ta.

"Ba tawa ba ce. Duba littafi."

"Da ka yarda da gaɓa biyu, da duk wannan bai faru ba."

"Da kin bar biro a jaka, Malama."

Ya kwance kekensa daga jikin ƙarfe ya tura shi ya hau titi.

A zamansu na watan Mayu dattawa suka yanke cewa ba za a ƙara rera lamba 64 a taron haɗin gwiwa ba sai an sake duba ta, kuma har yau ba a sake duba ta ba. Samaru tana rera domin. A Sabon Gari an bi littattafai ɗari biyu da goma an soke shi da hannu an mai da a kan. Mama Bibiana ta aika wa Japheth sau biyu ya zo ya riƙe musu mawaƙa, sau biyun ya ce a gode mata. Samaru ma bai koma ba. A watan Yuni na shekarar shi da Elizabeth suka tashi zuwa Zabi, gidan ɗansu Collins, inda yake kiwon awaki bakwai, yana kuma zuwa wata ƙaramar majami'a da ake sujada da Turanci. Yana fama da hawan jini amma yana tafiya da ƙafarsa. Bai sake yin waƙa ba. Shi da Malama Edith ba su ƙara magana ba.